Jitar da Ubanta Ya Ƙi

Ni ce na karya ta. Gara in faɗi wannan tun farko, domin yarana in suna ba da labarin nan sukan ce akuya ce, su rufa mini asiri.

Lokacin Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, a can muke haya, ɗaki biyu da zaure. Maigidana direba ne a wani ofishin gona. Ba mugun mutum ba ne, amma in ya dawo daga aiki yakan zauna ya yi ta neman abin da ba a yi daidai ba. Tuwo ya yi tauri, buta ba ta inda ya bar ta, yara sun cika ihu. Ana nan sai wani baƙon malamin makaranta da zai koma ƙasarsu ya bar masa jita mai aiki da lantarki, shi kuma ya ba shi kekensa. Ja ce, jan ya fara koɗewa, tana da ɗan akwatin da sautin ke fita ta cikinsa. Malamin ya ɗan koya masa kafin ya tafi. Tun daga nan, kullum bayan la'asar yana zaure. In akwai wuta ya jona, in babu ya jawo wani tsohon batirin mota. Ba zan ce ya iya sosai ba. Kiɗa uku ya sani, na ukun ma na farkon ne yake yi a hankali. Amma tuwona ya daina tauri, yara kuma suka samu uban da ke dariya.

Ƙusa ɗaya ce a bangon ɗakinmu mai ƙwari, a nan yake rataye jitar. Wata rana da damina yayata ta aiko mini da albasa daga Augie. Ƙasa duk danshi, ga ni da tsohon ciki, na rasa inda zan ajiye. Na ce bari in rataye jakar albasar a ƙusar nan na ɗan lokaci. Ban kai ƙofa ba na ji rugum. Ƙusar ta fito har da ɓallin bango. Albasa ba ta ji komai ba. Ita kuwa jita, ɗan ƙarfen nan da tsirkiyoyi shida ke hawa a kansa, wanda masu garaya ke kira jaki, ya rabe gida biyu.

Da maigida ya dawo na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki ɓarin ƙarfen biyu ya yi ta haɗa su yana rabawa. Ya kai wa masu gyaran rediyo, ya kai wa mai walda, mai walda ya ce irin ƙarfen nan in ya ji wuta narkewa yake kamar kitse. Ya nema a Sakkwato, ya ba direbobin Kano saƙo. Duk wanda aka kawo bai zauna ba, domin nata a karkace yake, ramukan ƙusoshinsa ma ba a inda na sauran suke ba. Kafin mako biyu buta ta koma ɓacewa.

Ana cikin haka surukata ta zo daga Argungu da kwandon busasshen kifi. Inna muke kiranta. Ungozoma ce, rabin unguwarsu a hannunta suka faɗo duniya. Gidansu gidan masunta ne, kuma a wurinta duk mai riƙe da abin kiɗa maroƙi ne, ko da yana da albashi. Maigidana shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune taku uku daga inda take, ni take gaya wa.

Ta dubi jitar a jingine, ta ce, "Ke, hwaɗa ma wancan, Allah ne yak karya ta."

Na ce, "Inna, albasa ce."

"To wa ya aiko albasar?"

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, akwai adireshin kamfanin da ya yi ta a jikin akwatinta. Zan rubuta musu su aiko da wani ƙarfen."

Ta juyo gare ni. "Hwaɗa mishi na ji. In sunka aiko, to. In ba su aiko ba, a naɗe ta a aje, kar in sake jin ɗan masunta na kiɗa a zaure."

Ya ce ya yarda. Ba a jayayya da Inna, kuma ba a taɓa jin ta janye magana ba. Ni dai na san mutumin da zan koma zama da shi in aka naɗe jitar nan, na kuma san wadda ta jawo.

A gidanmu ni ce mai boko. Na gama ajin yaƙi da jahilci har an ba ni takarda, shi kuwa ajami ya iya sai lambar mota. Malama yake ce mini in yana son tsokana. Don haka ni na rubuta wasiƙar da Hausa, na kwafe suna da lambar da ke jikin jitar harafi bayan harafi, ya kai wa wani mai tafireta da ke zama gindin dogonyaro a bakin gidan waya, shi ya mayar da ita Turanci. Ta tafi. Muka zauna jira, ya jira amsa, na jira haihuwa. Ni na riga samun tawa.

Ina cikin jego, Inna na gidanmu tana yi mini wanka, amsa ta iso. Ambulan babba, da wani littafi mai hotuna masu launi a ciki. Mai tafireta ya rubuta fassarar a bayan takardar. Maigida ya shigo da ita da rana tsaka, ko takalmi bai cire daidai ba.

"Malama, karanta."

Idona ya riga bakina kaiwa ƙarshe. Wallahi sai da na yi tunanin in ce sun ce a ƙara haƙuri, ƙarfe na hanya. Ba wanda zai kama ni a ɗakin nan. Amma na tuna ƙarya irin wannan ciyar da ita ake yi kullum, ni kuma ga jaririya. Na karanta yadda take. Suka ce sun gode, sun duba littattafansu kaf, ba su ga sun taɓa yin jita mai wannan suna da wannan lamba ba. Wataƙila wani ne ya ƙera ta ya liƙa sunansu. Ga littafin hotunan duk jitocin da suka taɓa yi, mu duba da kanmu.

Maigida ya tashi ya jawo wani tsohon bargo daga ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa, ya ɗora jitar a kai. Na zaci Inna za ta yi hamdala. Sai na ji ta ce, "Maimaita min wurin can."

Na maimaita.

"Cewa sunka yi ba tasu ba ce?"

"Haka suka ce, Inna."

"Sunansu na jikinta?"

"Yana nan a goshinta."

"Kuma sunka ce wani na waje yay yi ta." Ta ajiye ludayin kunun kanwa da take dama mini. "Hwaɗa ma wancan ya dakata da bargon ga. Miƙo min ita."

Abin da ban faɗa ba shi ne, a Argungu in namiji ya tashi da rigimar cewa jariri ba nasa ba ne, kafin a je gaban alƙali Inna ake kira. Takan duba yaron, ta duba uban da danginsa, ta faɗi abin da ta gani, kuma da wuya a wuce maganarta. Ba abin da ta tsana a duniya kamar irin waɗannan mazan.

Sai da ta wanke hannu. Ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta kwantar da jitar a kai yadda take kwantar da jariri in za ta shafa masa mai, ta yi bisimilla. Ta buɗe littafin a gefe, a juye. Na kai hannu kamar ina korar ƙuda na daidaita shi.

"Ba a duba huska," in ji ta. "Huska yaudara gare ta. Ƙeya aka dubawa, da kunne."

Ta kifa jitar. Ta shafa wuyan tun daga ƙasa har sama, ta ƙirga 'yan kunnuwan ƙarfen nan shida da ake murɗawa, ta bi lanƙwasar kan da yatsa, inda ya karkata kamar ƙugiyar kamun kifi. Sannan ta shiga bin littafin shafi-shafi, tana kawo shi dab da hancinta. Wasu ta wuce su da sauri. "Waɗanga 'yan wani ɗaki ne." Can wajen tsakiya ta tsaya, ta buga yatsa a kan takarda.

"Ga yayyenta nan su biyu. Wagga kuma ƙanwarta ce. Dubi kan! Kan ga ko cikin kasuwa nig gane shi na san gidansu."

Maigida ya durƙuso yana leƙe. Gaskiyarta ne, lanƙwasar iri ɗaya ce, haka ma wani faifan ƙarfe da ke bayan wuyan mai yankakken gefe. Ya ce, "Wallahi Inna haka ne!"

Ta ce, "To da mi kaka..." Sai ta tuna da wa take magana, ta juyo kaina da faɗan. "Ke, da mi yaka tsammani? Tun kahin a haihe ki nika kama haihuwa. Ɗauko alƙalaminki."

Wasiƙa ta biyu Inna ce ta yi shifta. Ta fara da cewa a gaishe su in sun cancanci gaisuwa. Ta ce su marasa kunya ne, masu haihuwa su jefar a bayan gari. Ta ce kawunansu kamar goran da ya sha rana. Ta tambaye su in sun tsufa wa suke sa ran zai miƙa musu ruwa. Ni kuwa ina rubuta cewa muna gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon su daure su sake dubawa, domin mun ga kama ƙwarai tsakanin tamu da na shafi kaza. Da muka gama ta ce in karanta mata ta ji. Nan na yi gumin da ko ruwan wanka bai sa ni ba. Na kafa ido a takarda ina jero zagin daga ka.

"Ina wurin gora?"

"Yana bayan takarda, Inna."

Magana ɗaya tata na rubuta yadda ta faɗe ta, ban taɓa ko wasali ba. Ta ce su nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan su nuna masa, don yara ba su san dangi ba.

Ta kuma ce a haɗa da hoto, gaba da baya da ƙeya. Maigida ya kai jitar wurin mai hoto na bakin kasuwa. Mutumin bai taɓa ɗaukar abin da ba ya motsi ba, ya ji daɗinta ƙwarai. Ya shafe ta da mai, ya zaunar da ita a kujera gaban labulen nan mai zanen jirgin sama, ya ajiye mata furen roba a gefe. Da hotunan suka fito maƙwabciyata ta roƙi ɗaya.

Na yi arba'in, Inna ta koma Argungu. Amma duk direban da ya taso daga can sai ya tsaya a ƙofarmu ya ce tsohuwa ta ce a tambaya ko mutanen nan sun amsa. Jitar tana jingine a lungu, ba a naɗe ba, ba a kaɗa ba. Maigida ya rage faɗa, ya koma yawan shiru, wanda ya fi faɗan nauyi.

Sai bayan an yanke shinkafa amsa ta zo. Ya aika wa Inna, motar safe ta sauke ta. Na buɗe na karanta. Suka ce sun nuna hotunan ga wani dattijo da ya daɗe yana aiki a wurinsu, yana gani ya gane ta, har ya ce da hannunsa ya ɗaura wa irinta wuya. Sun yi ta na ɗan lokaci, ba ta samu kasuwa ba, suka daina. Da aka zo haɗa littafin hotuna ba wanda ya tuna da ita. Suna ba da haƙuri, tasu ce.

Inna ta yi guɗa. A ɗakina, da rana, tsohuwa mai jikoki. Har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko wata haihuwar aka yi.

Na ce, "Da saura, Inna."

Sauran shi ne, ba su da ko ɗaya na irin ƙarfen, abin da suke zuba shi a ciki ma an daɗe da zubarwa. Amma ga 'yar kyauta. Maigida ya zazzage ambulan, wani ɗan faifan roba mai kusurwa uku ya faɗo, irin wanda ake kaɗa tsirkiya da shi, bai kai farcen babban yatsa biyu ba.

Inna ta ɗaga shi ta duba gaba da baya. "Wanga shi ne kayan sunan?"

Ba wanda ya yi dariya sosai, don duk mun san inda magana ta tsaya. Ba su aiko ba. Maigida ya ce a hankali, "Inna, alkawari na nan. Zan naɗe ta." Ya tashi ya nufi gado.

Na dubi Inna. Tana ta murza ɗan robar nan a yatsu, ba ta ce dakata ba, ba ta ce naɗe ba. A lokacin na gane abin da ya kamata in gane tun ranar wasiƙar farko. Ta ga fuskarsa sa'ad da ya jawo bargon, kuma ba ta da bakin da za ta tausaya wa ɗan fari a gaban mutane. Jita kuwa ba ita ta haife ta ba, tana iya tsaya mata yadda ta ga dama. Yanzu maganarta ta dā ta tare mata hanya, ba kuma za ta tsallake ta da kanta ba.

Na gyara wa jaririya kwanciya a cinyata, na ce, "Inna, in tambaye ki wani abu da ban sani ba."

"Ina ji."

"A Argungu, in uba ya amsa cewa ɗiya tasa ce, amma ba shi da abin tufatar da ita, wa ke yi?"

"Dangin uwa mana. Wagga har tambaya ce?"

"To ita wannan ba ta da kowa ta wajen uwa. Shi ne na ce abin tausayi."

Ta dubi jitar. Sannan ta ce, "Wa yad duba ƙeyarta?"

"Ke ce, Inna."

"Wa yas sa anka amsa ta?"

"Ke ce."

"To wa yac ce miki ba ta da kowa?" Ta ɗaure ɗan robar a bakin zanenta. "Hwaɗa ma wancan, maganata da shi tana nan, ban tashe ta ba. Shi ba ya gyara ta. Ni ka gyara ta. In an gama sai in ga wanda zan ba riƙo."

Ranar Asabar muka hau akori-kura zuwa Argungu. Ni na goya tawa, Inna ta rungumi tata a naɗe cikin zane. Wata mata a motar ta yi ta satar kallo, can ta kasa daurewa ta ce, "Iya, jikin ne? Allah ya ba da lafiya." Inna ta ce amin.

Wurin wani maƙeri ta kai mu, tsoho, mai yi wa mata mundaye da zobba, yana kuma zuba wa masunta dalmar taru. Shi ma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, saboda haka bai tambayi dalili ba. Ya juya ɓarin ƙarfen biyu, ya manne su da kakin zuma, ya danna cikin yumɓu ya fitar da siffar. Ya ce saura tagulla mai kyau, ba irin ta yanzu ba. Inna ta kwance ƙullin zanenta ta fito da wata munduwa mai kauri, ta aurenta, wadda na sha gani a ƙasan kwallarta. Ta ce da ma matse mata hannu take yi. Ban taɓa ganin ta sa ta ba, amma na ce gaskiya ne, da gani za ta yi matsi.

Kwana uku muka yi. Ranar da muka je karɓa, maƙerin ya buɗe tsumma yana murmushi. Ƙarfe ya fito daidai, karkacewar da ramukan duka. Sai dai tsohon bai iya barin tagulla haka fili ba. Ya bi ta ko'ina da zanen da yake yi wa mundayen amare, har da 'yan kifaye biyu a gefe. Maigida ya tsaya yana kallon kifayen. Maƙerin ya ce, "Wannan kyauta ce, ɗana, ban sa a lissafi ba." Da ƙyar aka samu wurin da za a goga wa tsirkiyoyi hanya.

A tsakar gidan Inna aka gwada, bayan la'asar, da batirin motar wani abokinsa. Ya ɗaura, ya murɗa, ya murɗa, ya kai hannu. Ƙarar farko zabin maƙwabta suka tashi sama gaba ɗaya. Sautin ya canza, ya yi kauri, tsirkiya ɗaya kuma tana wani zuuu a ƙarshe kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Ya yi kiɗansa na farko, ya yi na biyu. Kawuna suka jeru a kan katanga. Inna ta ba mu baya tana feɗe kifi, ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba, amma kifi ɗaya ta riƙe tun daga farko har ya gama na ukun.

Da ya tsaya ta ce, "Ke."

"Na'am, Inna."

"Gidan ga ba ya ɗaukar ƙara, ga tsohi ga jinjirai. Hwaɗa ma wancan na ba shi riƙo, ya tahi da ita can. Amma ban da gidan biki, kuma ran da nij ji an manna mishi kuɗi a goshi, in zo in ɗauke abata."

Na juya na gaya masa, kalma bayan kalma, ko da yake ya fi ni kusa da ita. Ya ce, "Ki ce mata na gode." Na juya na ce mata ya gode. Ta ce ta ji, ba kurma ba ce.

A motar komawa Birnin Kebbi bakinsa bai rufu ba. Ya buɗe wa fasinjoji zanen, ya nuna musu tagullar, ya ce irin jitar nan 'yan kaɗan ne a duniya, kamfanin da kansa ya rubuto masa har sau biyu. Wani dattijo mai buhun shinkafa ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. To amma malam, in tana da kyau haka, me ya sa suka daina yin ta?"

Maigida ya waiwayo. "Malama, me ma suka ce a takardar?"

Na ce masa iska ta yi yawa, ba na jin abin da yake faɗi, na ja mayafi na rufe wa jaririya kai.